Filen ɗin Katako Aikin Hannu: Wane Farashi Za Ka Rubuta wa Kamfanin Inshora?

A takardar inshora akwai wani gurbi da ke tsayar da kafintoci da masu tara tsofaffin kayan aiki, wurin da aka ce a rubuta darajar kaya. In injin zarto ne ko na huda, magana ta ƙare: ga rasit, ga sunan kamfani, ga lambar samfuri, kowa na iya duba kuɗin sabo. To amma ɗauki filen na katako, abin nan da ake turawa a kan katako yana fere shi har ya yi sumul, wanda wani ya zauna ya sassaƙa da hannunsa. Ba lamba, ba rasit, wani ma ko suna babu a jikinsa. Me za ka rubuta?

Galibi mutane kan fara da tambayar nawa ne kuɗin filen ɗin, kuma daga nan ake ɓata. Filen guda yana da farashi huɗu a rana guda, kuma babu na ƙarya a ciki. Akwai abin da dillali zai ba ka in ka kai masa yau kana neman kuɗi. Akwai abin da zai kama a wurin gwanjo. Akwai abin da wannan dillalin zai karɓa a hannunka in kai ne ka je saye. Sai kuma abin da gwani zai nema in ka ce ya yi maka sabo irinsa. Tsakanin na farko da na ƙarshe ana iya samun ninki da yawa. Farashin da zai yi aiki ranar da aka yi gobara ko sata, ba kai ke zaɓa ba, ba kuma filen ɗin ba. Kalmomin da ke cikin yarjejeniyar da ka sa wa hannu su ke zaɓa.

Inshorar dukiya, ta gama-gari ce ko takaful, an gina ta a kan ƙa'ida ɗaya: a mayar da mai asara inda yake kafin asarar, kada ya ci riba, kada ya faɗi. Wurin fassara wannan ƙa'ida ne hanyoyi suka rabu. Wata yarjejeniyar ta ce za a biya kuɗin sayen madadi mai kama da shi a iri da inganci. Wata ta ce za a biya kuɗin madadin, amma bayan an cire abin da tsufa da amfani suka ci. Ta uku ita ce wadda kai da kamfani kuka zauna tun farko kuka amince a kan adadi, aka rubuta kayan da sunansa, in ya salwanta adadin za a ba ka ba tare da sabon ciniki ba.

Ta biyun nan ita ce tarkon. Lissafin cire tsufa an yi shi ne domin kayan da ke mutuwa, irin su firiji da kwamfuta, waɗanda kowace shekara ke rage musu kwana. In jami'in da ya zo tantance asara ya ɗora wannan ma'auni a kan filen mai shekara 150, lissafi zai nuna masa cewa tun kafin a haifi kakansa darajar abin ta koma sifiri. Alhali jiya ka yi aiki da shi, ya fitar da ɓawon katako siriri kamar takarda. Jami'in bai cuce ka ba, abin da takarda ta ce ya bi. Saboda haka kafin ka ɗauki filen ko guda ka juya, fara neman layin da ya faɗi yadda ake lissafin diyya.

Sai kuma wata gaskiya da ba ta yi wa masu gadon akwatin kayan aiki daɗi: tsufa kaɗai ba daraja ba ne, kuma aikin hannu kaɗai ba daraja ba ne. Kafin kamfanin Stanley na Amurka ya sayi haƙƙin ƙirar filen ɗin ƙarfe na Leonard Bailey a 1869, filen ɗin ƙarfe ya fara cin kasuwa, kusan duk kafintan da ke Turai da Amurka da na katako yake aiki. Kamfanoni irin su Mathieson a Gilasgo, da Ohio Tool da Sandusky a Amurka, sun yi su da yawan gaske, kuma ɗimbinsu suna nan har yau. Filen ɗin itacen bic (itacen da aka fi yin su da shi) na ƙarni na 19, irin na aikin yau da kullum, abu ne mai araha. Nan wani abin mamaki ke fitowa: tsohon ya fi sabon sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, domin sabon sai mutum mai rai ya ɓata kwanaki a kansa. Kada ka yi tsammanin kamfani zai biya ka kuɗin sabo alhali tsoho irin naka na nan a kasuwa. Farashin da ya dace shi ne na dillali mai sayar da wanda aka gyara, wanda za ka ɗora a kan katako nan take ya yi aiki, haɗe da kuɗin aikowa.

Amma cikin tarin nan na gama-gari akan sami guda da ya fi sauran duka in an haɗa su, kuma ba ya ihu. Ɗauko shi ka je bakin taga. Juya goshinsa, wato ƙarshen da ke gaba in ana turawa, ka karkata shi yadda haske zai bi ta gefe. A nan masu ƙira ke buga hatiminsu. A tsofaffin na Ingila da Amurka sau da yawa za ka ga haruffan sun taso a cikin wani ɗan gida mai baki kamar haƙoran zarto. Sauran sunayen da aka buga birjik, wani a karkace, wani a kan wani, na mutanen da suka mallake shi ne ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ɗauko ma'auni. Filen ɗin fitar da ado a gefen katako ya daidaita a kan inci 9 da rabi a ƙarni na 19, to in naka ya kai inci 10 ko ya ɗara, kuma an zabge kafaɗunsa da faɗi a miƙe, akwai alamar ya fito daga ƙarni na 18.

Sunan da ke goshin nan shi ne kan maganar. A garin Wrentham na jihar Masacusets an yi wani Francis Nicholson, wanda ake lissafawa a matsayin mai ƙirar filen na farko da aka tabbatar da tarihinsa a Amurka. Yana da bawa baƙar fata mai suna Cesar Chelor da ya koyi sana'ar a hannunsa. Da Nicholson ya mutu a 1753, wasiyyarsa ta 'yanta Chelor, ta kuma bar masa kayan aiki da fili, ya ci gaba da ƙira yana buga sunansa har ya mutu a 1784. Filen mai hatimin Chelor, a ido, ɗan guntun katako ne mai duhu da ba zai ja hankalin kowa ba. A wurin masu tarawa kuwa yana cikin waɗanda aka fi nema. Haka na Robert Wooding na Landan, na farkon ƙarni na 18. Irin waɗannan ba a neman madadinsu a kanti, sai dai a jira wani ya fito gwanjo, shi ya sa ba su da wurin zama da ya wuce yarjejeniyar da aka amince da adadi tun farko.

Bayan suna sai lafiyar jiki. Zare wejin, wato ɗan katakon da ke riƙe ƙarfen yankan, ka duba ko launinsa da tsufansa sun yi daidai da na jikin, don weji yakan ɓata a yi masa wani, kuma wannan na rage kuɗi. Duba bakin da ɓawo ke fita, ko ya buɗe da yawa saboda an sha goge tafin, ko an yi masa faci. In ka ga ƙananan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2, ƙwaron katako ne ya shiga. Ɗora filen ɗin a kan baƙar takarda ka ƙwanƙwasa, in gari mai haske ya zubo to ƙwaron na nan da rai. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda za a ɗauka a goge da samfefa a shafe da banish don ya yi kyau a hoton inshora. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan. Duhun nan da gumin hannu da mai suka bari tsawon shekaru, shi masu saye ke biya, kuma samfefa na iya cinye rabin hatimin a cikin minti ɗaya.

Wasu filen ɗin ba ɗai-ɗai suke tafiya ba. Masu fitar da kwarmi da masu fitar da tudu biyu-biyu ake yin su, rabin saiti guda 18 ne, cikakke 36. Saiti da ya fito daga hannu ɗaya, ya zauna tare tun farko, ya fi guda 18 da aka tsinto nan da can. Amma yarjejeniyoyi da yawa suna da sharaɗin cewa in ɗaya ya ɓata daga cikin saiti, kuɗin ɗayan kawai za a biya, ba ruwansu da faɗuwar darajar sauran 17. Wannan sharaɗi ana iya neman a sauya shi, in an yi magana da wuri.

Akwai kuma inda doka ke shiga tsakanin kaya da farashinsa. Filen ɗin yanka kwari masu tsada na ƙarni na 19 akan yi su da itacen roswud ko eboni, wasu a sa musu hauren giwa a kan sandunansu. Roswud ɗin Barazil ya shiga jerin farko na yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, a 1992, wato cinikinsa tsakanin ƙasashe ya zama sai da takardu masu tsauri, sauran danginsa kuma suka shiga jeri na biyu a 2017. A Birtaniya dokar hauren giwa ta 2018 ta fara aiki a watan Yunin 2022, kuma abin da ta bari a sayar daga irin waɗannan kaya shi ne wanda aka yi kafin 1947, wanda hauren bai kai kashi 10 cikin 100 na jikinsa ba, bayan an yi masa rajista. Kayan da doka ta hana sayarwa a inda kake, da wuya a ce ga farashinsa na kasuwa. Wanda kuma ba za a iya shigo da madadinsa ba, kuɗin madadi ya zama zance. In kana da irinsa, a rubuta nau'in itacen da batun hauren ƙarara a takardar ƙiyasi.

Yanzu ga wanda ya fi wuya, kuma shi ya fi jawo ɓacin rai: filen ɗin da kai ka yi da kanka.

Wanda ya taɓa yi ya san abin da ya sha. Ka nemo katakon da aka tsaga daidai da jijiyarsa, ka ajiye shi ya bushe, kuma ƙa'idar da aka saba faɗa ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri. Ka fafe ramin ƙarfen da kurfi, ka gyara shimfiɗarsa a kan digiri 45, ko 50 in na katako mai gardama ne. Ka shafa baƙin fensir a bayan ƙarfen, ka zura, ka zare, ka ga inda ya taɓa, ka kankare, ka sake zurawa, har sai ya zauna ba ya rawa. Bayan duk wannan, in aka ce ka faɗi darajarsa, hannunka zai kai ga lissafin awoyi. Ka ce katako kaza, ƙarfe kaza, awa 40 sau ladan awa guda.

A ganina wannan lissafin ba zai tsaya a gaban kowa ba, kuma bai kamata ya tsaya ba. A ce kai ka ɓata awa 40 saboda koyo kake yi, gwanin da sana'arsa ke nan ya gama irinsa a awa 10. Awa 30 ɗin da ke tsakani kuɗin makaranta ne, ba sa cikin filen ɗin. In aka bi lissafinka, mafi rashin iyawa shi zai fi kowa tsadar kaya. Daga ɗaya ɓangaren kuma, kada ka yi mamaki in kamfani ya ce kuɗin katako da ƙarfe kawai zai biya, tunda su kaɗai ke da rasit. Wannan ma zalunci ne, domin guntun katako da ƙarfe ba sa fere komai.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a koma ga tambayar asali: nawa za a kashe a sa maka irin wannan a hannu? Akwai masu ƙirar filen na katako a yau a Amurka da Ingila da Ostireliya, da yawansu kuma farashinsu a bayyane yake. Nemo wanda aikinsa ya fi kusa da naka a iri da girma da itace da ƙarfe, ka ajiye shaidar farashin da kwanan wata. Daga nan sai ka yi wa kanka adalci, kuma nan ne wahalar take, don gwano ba ya jin warin jikinsa. Naka fafe shi aka yi daga katako guda, ko yanka shi aka yi gida-gida aka haɗa da gam? Na biyun ya fi sauri da sauƙi, farashinsu ba ɗaya ba ne. Bakin naka a matse yake kamar na gwanin? In ka taɓa sayar da irinsa, rasit ɗin wannan cinikin ya fi duk wata hujja ƙarfi, ko da adadin bai kai yadda ranka ke so ba.

Kuma akwai abin da ba za ka iya ara daga gwanin ba, wato sunansa. James Krenov, gwanin aikin katako wanda ya koyar a garin Fort Bragg na Kalifoniya ya mutu a 2009, shi ya yaɗa salon nan na haɗawa da gam, har ake kiran salon da sunansa. Nasa filen ɗin ba su da ƙyale-ƙyale, za ka ga sawun wuƙa da na zarto a jikinsu. Dubban mutane sun yi irinsu, wasu ma sun fi nasa tsafta. Amma wanda ya fito daga hannunsa kuɗinsa daban ne, kuma tun da ya mutu ba za a ƙara ko guda ba. A Japan kuwa lissafin juyawa yake yi. Filen ɗinsu, kanna, wanda ake jawowa maimakon turawa, darajarsa na cikin ƙarfen da sunan maƙerin da ya ƙera shi, katakon kuwa in ya gaji sai a yi wani. Wanda ya yi wa kanna ƙiyasi yana kallon katakon ya bar jaki yana dukan taiki.

In yi kake kana sayarwa, to ka shiga wani babi. Kayan da ke jiran mai saye sau da yawa a kan abin da aka kashe wajen yin su ake lissafa su, ba farashin sayarwa ba. Inshorar gida kuma galibi tana ware kayan sana'a, ko ta sa musu ƙaramin iyaka, kamar yadda takan sa iyaka ga abin da za a biya a kan kaya guda in ba a rubuta shi daban ba.

Wurin tattara farashi a yi hattara da abu biyu. Abin da mutum ya rubuta yana nema a intanet ba farashi ba ne, buri ne, abin da aka saya shi ne farashi. Sannan adadin da aka buga guduma a kansa a gwanjo ba shi mai saye ya biya ba, akwai la'adar gidan gwanjo a sama, mai sayarwa kuma an cire tasa la'adar a ƙasa. Tunda kai saye za ka yi bayan asara, adadin mai saye ne naka. Gidajen gwanjon da suka ƙware a kayan aiki, irin su David Stanley a Ingila da Brown da Martin J. Donnelly a Amurka, kundayensu sun fi amfani a nan. Misali uku masu kama da naka sun fi guda ɗaya da ya yi tashin gwauron zabi ranar da mutum biyu suka yi ja-in-ja a kansa.

Wani zai ce to bari in rage adadin don kuɗin da nake biya duk shekara ya yi sauƙi. Yarjejeniyoyi da yawa suna da maganin wannan dabara. In kayanka sun kai 100 ka yi musu inshorar 60, sai aka yi asarar 50, ba 50 za a ba ka ba, 30 ne, domin kashi 60 cikin 100 ka biya wa. Wanda ya kumbura adadin shi ma bai ci ba: yana biyan kuɗi mai yawa duk shekara, ranar asara kuma abin da ya iya tabbatarwa za a ba shi, in ma ba a zarge shi da ƙarya an soke neman gaba ɗaya ba. A kuma sani cewa ƙwaro da danshi da tsagewar katako a hankali, waɗanda su suka fi kashe filen, yawanci inshora ba ta ɗaukar su.

Filen biyar na aikin yau da kullum ba su kai a ɗauko ƙwararren mai ƙiyasi ba, ladansa sai ya fi kuɗinsu. In akwai mai suna ko saiti cikakke, a nemo shi, amma da sharaɗi. Kada ya zama wanda ke son sayen kayan, kuma kada ladansa ya zama kaso daga adadin da ya faɗa. Ƙa'idojin USPAP da masu ƙiyasi ke bi a Amurka sun hana irin wannan lada. Takardarsa ta faɗi wane irin farashi ya lissafa da ranar da ya lissafa. Ƙungiyoyin masu tarihin kayan aiki, kamar EAIA da aka kafa a Amurka a 1933 da TATHS ta Birtaniya ta 1983, ba ƙiyasi suke yi ba, amma a cikinsu ake samun masu karanta hatimin da ya kusa gogewa.

Sauran aikin naka ne. Kowane filen a ɗauke shi hoto ta gefe da ma'auni kwance kusa da shi, a ɗauki goshinsa, a zare ƙarfen a ɗauki hatimin da ke kansa. Wanda ka yi da kanka, haɗa da hotunan lokacin da ake aikin da rasit ɗin ƙarfe. A ajiye kwafi a wajen ɗakin aikin, don takardar da ke cikin akwati ɗaya da kayan tare za su ƙone. Bayan 'yan shekaru a sake duba adadin, musamman in wanda ya yi maka ya daina aiki.

In kuma abin ya faru, wuta ta ci, kada a yi gaggawar share wurin. Katakon zai zama toka, amma ƙarafan suna nan a ciki. Zafi ya kashe kaifinsu, sai dai faɗinsu da siffar bakinsu da sunan maƙeransu, irin su Ward ko Sorby na garin Shafild a Ingila, da aka buga a kansu ba sa zuwa ko'ina. A ɗauki hoto yadda suke kwance, a bar jami'in ya gan su, sannan a tsince su a jera a ƙirga a gabansa, kowanne a haɗa shi da hotonsa na da. In an biya ka cikakkiyar diyya, abin da ya saura bisa ƙa'ida na kamfani ne, saboda haka in akwai ƙarfen da kake son riƙewa, faɗa musu kafin ka sa hannu.